Jarrabawar satifiket ɗin kwamfuta: yadda za ka shirya mata, da yadda za ka gane 'yan tallar ekspo a zaurukan intanet

Kuɗin zama jarrabawar CCNA, satifiket ɗin harkar netwok (haɗa kwamfutoci su yi magana da juna) na kamfanin Cisco, dala 300 ne. A ranar da dala take naira 1,500, kuɗin ya kama naira 450,000, kuma na zama ɗaya ne tak. In ka ci, madalla. In ka faɗi, sai ka sake haɗo wasu. Duk wanda ya tara irin wannan kuɗi da guminsa, ko ya karɓo daga hannun mahaifi ko yaya, ya san irin fargabar da ke kwana da shi a makon ƙarshe. Wannan fargabar ita ce jarin mutanen da ke cika zaurukan WhatsApp da Telegram da Facebook da tallar "tambayoyin da za su fito", da bauca (lambar biyan kuɗin jarrabawa) mai araha, da satifiket ba tare da an zauna jarrabawa ba. Galibin waɗanda suke kamawa masu ilimi ne, tsoron asara ne ya rufe musu ido.

Shi ya sa na haɗa shirin jarrabawa da gane damfara a wuri ɗaya. Wanda ya san yadda ake tsara jarrabawar tun daga tushe, wa ke shirya ta, wa ke sa ido a kanta, ina ake ajiye sakamakonta, da wuya wani baƙo a zaure ya yi masa ƙarya ta zauna.

Mataki na farko: ka tsayar da jarrabawa ɗaya

Kuskuren da na fi gani wurin matasanmu shi ne tara darussa. Mutum yana da bidiyon CCNA, yana da na AWS ta kamfanin Amazon, ga na tsaron intanet, duk a waya ɗaya, wata shida bai gama ko ɗaya ba. Ka zauna ka duba tallan aiki goma irin wanda kake so, ka ga wane satifiket ne yake ta maimaituwa, shi za ka bi.

A taƙaice ga yadda suke. CompTIA A+ ta mai son aikin gyara da kula da kwamfutocin ofis ce, kuma jarrabawa biyu ce, Core 1 da Core 2, sai ka ci duka kafin a ba ka shaida. Network+ da CCNA duka na harkar netwok ne, sai dai Network+ ba ta jingina da kayan wani kamfani ba, ita kuwa CCNA za ta sa ka koyi sarrafa na'urorin Cisco da hannunka, ta fi zurfi kuma ta fi wuya. Security+ ƙofar shiga ce ga aikin tsaro. AWS Cloud Practitioner, wadda kuɗinta dala 100 ne, da AZ-900 ta Microsoft, na masu fara sanin harkar kilawud ne, wato hayar kwamfutoci da rumbun ajiya daga manyan kamfanoni ta intanet. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi su lura cewa waɗannan biyun ana iya zama su da Faransanci, AZ-900 ma har da Larabci.

A ganina, wanda ya shekara biyu yana kwance kwamfuta yana ɗaurawa a shago, irin yaran da ke aiki a kasuwar Farm Centre ta Kano, ba lallai ya kashe kuɗin jarrabawa biyu a kan A+ ba. Ya karanta darussanta kyauta don cike giɓi, ya ajiye kuɗin ya fuskanci netwok. Shi kuma wanda bai san bambancin adireshin IP da adireshin MAC, wato lambobin da ake gane na'ura da su a netwok, ba, kada ya yi tsalle ya faɗa Security+ don ya ji ana cewa tsaro ne ke kawo kuɗi. Ba za ka tsare gidan da ba ka san ƙofofinsa ba.

Mataki na biyu: ka sauke jerin batutuwan jarrabawar daga shafin masu ita

Kowane kamfani yana wallafa takarda kyauta mai ɗauke da duk abin da jarrabawar za ta taɓa, tare da kason maki na kowane sashe. Ka sauke ta daga shafin kamfanin kansa, ka buga ta a takarda, ka ajiye ta inda kake karatu.

Abu na farko da za ka duba a jikinta shi ne lambar jarrabawar, domin suna sabunta su duk bayan 'yan shekaru. Security+ mai lamba SY0-701 ta fito a Nuwamban 2023, ta maye gurbin SY0-601. Network+ mai lamba N10-009 ta fito a 2024. A+ ta koma 220-1201 da 220-1202 a 2025, kuma ba a haɗa Core 1 na tsohon zubi da Core 2 na sabo. CCNA tana riƙe da lambar 200-301 tun Fabrairun 2020, amma an yi mata kwaskwarima a Agustan 2024. Duk littafi ko bidiyon da lambarsa ba ta dace da wadda za ka zauna ba, ka san akwai abin da zai ɓace maka.

Kason makin shi zai raba maka lokaci. A CCNA, sashen da ya shafi yadda saƙo ke bi daga wannan netwok zuwa wancan yana da kashi 25 cikin ɗari. Tushen netwok kashi 20, haɗa na'urori ta suwic (akwatin da ake jona kwamfutocin netwok ɗaya a jikinsa) da wayales kashi 20, tsaro kashi 15, sauran sassa biyun kashi 10 kowanne. Wanda ya ɓata mako uku a sashe mai kashi 10 don yana masa daɗi, ya bar mai kashi 25 don yana ba shi ciwon kai, ya san abin da ya shuka.

Ka ɗauki biro ka bi layi-layi. Abin da za ka iya bayyana wa wani ba tare da duba littafi ba, ka sa masa alama. Abin da ka taɓa ji kawai, wata alamar daban. Abin da ba ka taɓa ji ba, ka bar shi fari. Duk ƙarshen mako ka sake bi.

Mataki na uku: malami ɗaya, sannan hannu a kan kibod

Ka zaɓi darasi ɗaya cikakke ka bi shi daga farko har ƙarshe. Na kyauta masu inganci suna nan. Professor Messer yana da cikakkun darussan A+ da Network+ da Security+ a YouTube, an jera su daidai da jerin batutuwan CompTIA. Jeremy's IT Lab yana da cikakken darasin CCNA. Microsoft Learn kyauta ne, AWS Skill Builder ma yana da darussan kyauta, haka Cisco Networking Academy. Idan data ce matsalar, ka sayi ta dare ka sauke na mako guda a lokaci ɗaya.

Sai dai kallon bidiyo yana da yaudara. Kana kallo kana gyaɗa kai, kana jin ka gane, ranar da aka ajiye ka gaban baƙin allo sai ka rasa harafin farko. Don haka duk awa ɗaya ta kallo, ka biya ta da awa ɗaya ta aiki.

Mai shirin CCNA ko Network+ ya sauke Packet Tracer, manhajar da ake kwaikwayon haɗa na'urorin netwok a cikinta, kyauta ce idan ka yi rajista da Cisco Networking Academy, kuma ba ta buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Ka haɗa rawuta (na'urar da ke kai saƙo daga wannan netwok zuwa wancan) biyu da suwic biyu da kwamfutoci huɗu, ka raba su gida-gida da VLAN, wato tsarin kasa netwok ɗaya rukuni-rukuni, ka sa su yi magana da juna. In sun yi, ka ɓata wani abu da gangan, ka canja lamba ɗaya a adireshi, ka tashi ka sha ruwa, ka dawo ka nemo inda matsalar take. Gyaran abin da ya lalace ya fi gina sabo koyarwa, kuma shi ne ainihin aikin da za a ɗauke ka ka yi. Mai shirin A+ ko Security+ ya sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar wata kwamfuta a cikin kwamfutarsa, ya ɗora Linux da Windows a ciki, ya buɗe manhajar Wireshark ya ga yadda saƙonni ke wucewa da idonsa. Mai shirin AWS ko Azure, kilawud ɗin Microsoft, ya buɗe asusu, amma kafin ya taɓa komai ya saita gargaɗin kashe kuɗi, kuma duk abin da ya kunna ya kashe shi kafin ya kwanta. Na san wanda ya manta da na'ura ɗaya a kunne har ƙarshen wata, bil ɗin da ya zo masa da dala ne.

Akwai abin da sai an haddace, babu wata dabara, kamar lambobin ƙofofin da kowace hidimar netwok ke bi: SSH tana kan lamba 22, DNS 53, HTTP 80, HTTPS 443, RDP 3389, da 'yan'uwansu. Manhajar Anki tana taimakawa a nan, domin tana dawo maka da abin da kake mantawa sau da yawa, tana jinkirta wanda ya zauna. Mu da muka tashi da tilawa da muraja'a ba baƙon abu ba ne wannan, tsarin ɗaya ne. Minti goma sha biyar bayan sallar asuba ya isa.

Rarraba adireshi, wanda ake kira sabnetin, shi ne inda mutane da yawa ke karaya, alhali lissafin bai kai na ɗan kasuwar Kwari ba. Ɗauki 192.168.10.0/26. Adireshin IPv4 yana da bit 32. An ɗebe 26 ɗin da ke bayan alamar /, saura 6. Biyu sau shida a jere, wato 2×2×2×2×2×2, ya ba da 64. Ke nan kowane yanki yana da adireshi 64, a cire na farko da na ƙarshe, saura 62 da za a raba wa na'urori. Yankunan za su fara daga 0, 64, 128, 192. Idan aka tambaye ka ina 192.168.10.100 take, tana tsakanin 64 da 127. Ka riƙa yin irin wannan guda biyar kullum har ka kai kana amsawa cikin rabin minti ba tare da takarda ba. Minti 120 na CCNA ba su da yawa ga mai ƙirga da yatsu.

Mataki na huɗu: gwajin kai, da inda halal da haram suka rabu

Idan ka gama darasin, ka nemi tambayoyin gwaji. Microsoft Learn yana da nasa kyauta, AWS ma yana ba da samfuri, sannan akwai kamfanonin da aka sani da wannan sana'a irin su Boson da MeasureUp. Ka zauna kamar ranar gaske: agogo a gabanka, waya a wani ɗaki. Bayan ka gama, ka fi ba da lokaci wajen bin amsoshin fiye da lokacin da ka ɗauka kana amsawa, har waɗanda ka ci da sa'a. Kada ka maimaita gwaji ɗaya har sau huɗu kana murnar maki na hawa, hadda ce kawai. Ni dai ba na ba kowa shawarar biyan kuɗin jarrabawa sai yana samun kashi 80 zuwa sama a gwajin da bai taɓa gani ba, sau biyu ko uku a jere.

A nan ne za ka fara cin karo da abin da ake kira damps. Tambayoyin jarrabawar gaske ne da wasu suka sato, ko dai sun haddace sun fito sun rubuta, ko sun ɗauki hoton allo a ɓoye. Ekspo ce, irin wadda muka sani tun zamanin WAEC da NECO, ta sa kwat kawai. Kafin a buɗe maka tambaya ta farko a kowace irin wannan jarrabawa, sai ka amince da yarjejeniyar cewa ba za ka fitar da abin da ka gani ba, ba za ka kuma yi amfani da wanda aka sato ba. Kamfanonin suna bin diddigin yadda mutane ke amsawa: wanda ya amsa doguwar tambaya cikin daƙiƙa biyar, ko gungun mutanen da suka zaɓi amsar kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya. Hukuncin ya haɗa da soke sakamako, ƙwace satifiket, da hana mutum sake zama.

Yadda za ka bambance su ba wuya. Tambayoyin gwaji na halal malami ne ya zauna ya ƙirƙira, za ka ga sunansa ko na kamfaninsa, kuma kowace tambaya tana da bayanin dalilin da ya sa amsa ɗaya ta yi daidai sauran suka kuskure. Damps kuwa da bakinsu suke tona kansu: "ainihin tambayoyin jarrabawa", "an sabunta jiya", "tabbacin ci ɗari bisa ɗari". Amsoshinsu ma sau da yawa ba daidai ba ne, tunda ɓarawon tambaya bai ga takardar amsa ba, hasashe ya yi. Ko da mutum ya tsallake da su, akwai ranar intabiyu, ranar da za a miƙo masa kwamfuta a ce rawutar nan ba ta ganin waccan, duba mana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mataki na biyar: zama a zaure ba tare da an yanke maka aljihu ba

Ban ce ka guji zaurukan karatu ba. Zaure mai kyau yana hana kasala, kuma tambayar da ta tsare ka kwana biyu wani zai warware maka ita cikin minti biyar. Amma duk inda masu shirin biyan dala suka taru, ƙudaje za su biyo.

Mafi yawan tallan suna da siffa ɗaya, in ka gane ta sau ɗaya ka gane ta har abada. Wani wanda bai taɓa cewa uffan a zauren ba zai fito da labari: "Alhamdulillah na ci jarrabawata jiya da maki 950, godiya ga wannan shafin", sai linki. Ka lura da abin da babu a cikin saƙon. Babu wane sashe ne ya ba shi wuya, babu tsawon lokacin da ya yi yana karatu, babu komai da ke nuna ya taɓa zama gaban tambayoyin. Bayan 'yan mintoci wasu biyu za su fito su ce su ma sun gwada, gaskiya ne. Mutum ɗaya ne da layuka uku. Ka kwafi jimla ɗaya daga saƙon ka saka a Google ko a wurin bincike na Telegram, sau da yawa za ka same ta kalma-kalma a wasu wurare, an canja sunan jarrabawar kawai.

Wani lokacin makin da suka ambata ma ya isa ya tona su. Jarrabawowin CompTIA a kan 900 suke tsayawa, Security+ ana cin ta da 750, Network+ da 720. Wanda ya ce maka ya samu 950 a Security+ bai taɓa ganin takardar sakamakonta ba. Amfanin sanin tsarin ke nan.

Sai masu bauca. Bauca lamba ce da ake saya a biya kuɗin jarrabawa da ita, kuma akwai ta halal: daga shagon kamfanin, daga wakilan da ya amince da su, ko rangwamen da ake ba ɗaliban Cisco Networking Academy da suka cika sharuɗɗa, ko rabin kuɗi da AWS ke ba wanda ya riga ya ci jarrabawa ɗaya don ya zauna ta gaba. Amma baƙon da ya biyo ka ta bayan fage yana cewa zai ba ka ta dala 300 a kan naira 60,000, ka tura kuɗin asusun wani mai suna daban, wannan ko dai lambar bogi ce, ko an riga an yi amfani da ita, ko ta wata ƙasa ce da ba za ta yi aiki a inda kake ba, ko an saye ta da katin sata. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na uku su ne 'yan sojan gona, kuma sun fi kowa haɗari. Za su ce ka yi rajistar zama a gida, ka sa wata manhaja irin AnyDesk ko TeamViewer, kai ka zauna gaban kyamara su kuma su amsa daga nesa, "ka biya bayan ka ci". Wannan sharaɗin na biya daga baya shi ke sa mutane sakin jiki. Ka tsaya ka lissafa abin da ka miƙa musu kafin a kai ga biyan: hoton fasfonka, lambar sirrin asusunka, da ikon shiga kwamfutarka su yi abin da suka ga dama. Kuma yanzu suna riƙe da hujjar cewa ka yi maguɗi. Ranar da suka dawo suka ce ka ƙaro kuɗi ko su kai ƙararka wurin kamfanin, wa za ka kai wa kuka?

Na huɗu masu cewa suna da ɗan'uwa a ciki, za a shigar da sunanka rumbun kamfanin ba tare da ka zauna komai ba. Abin da za su turo maka hoto ne da aka gyara. Masu ɗaukar aiki ba hoton suke dubawa ba, suna bin lambar tantancewa ko bajon Credly, wato shaidar ci ta intanet da ke shafin Credly, wanda ke kai su kai tsaye ga bayanan da kamfanin ya fitar.

Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da jarrabawar, wayarka ko asusunka suke so. Fayil ɗin da aka ce littafi ne amma sunansa ya ƙare da .apk ko .exe ba littafi ba ne. Manhajar buɗe tambayoyi da aka ce an fasa ta kyauta, wadda sai ka kashe antibairos kafin ta yi aiki, ka san dalilin da ya sa ake so ka kashe shi. In kana shakkar fayil ko linki, ka saka shi a shafin VirusTotal mai binciken bairos kafin ka buɗe. Ka kuma karanta adireshin shafi harafi-harafi, domin sukan musanya harafin o da sifili, ko su ƙara wata kalma a gaban sunan kamfani.

Wadda ta fi cin mutanenmu ita ce ta kiran waya. Wani zai kira ka da sallama da ladabi, ya ambaci sunan zaurenku daidai, ya ce akwai darasi ta Zoom da daddare, an turo maka lamba shida ta shiga, karanto masa. Lambar nan ta rajistar WhatsApp ɗinka ce. Kana faɗa, asusunka ya koma hannunsa, ya shiga bin 'yan'uwanka da abokanka yana roƙon rance da sunanka. Wani ƙanen abokina haka ta faru da shi ana saura kwana tara jarrabawarsa, makon da ya kamata ya yi bita ya ƙare shi yana ba mutane haƙuri. Yanzu, kafin ka ci gaba da karanta wannan, ka shiga saitin WhatsApp da Telegram ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka kuma taƙaita waɗanda za su iya jefa ka cikin zaure ba da izininka ba.

Idan kai ne admin, aikinka ya fi haka. Ka kunna amincewa kafin sabon mutum ya shiga, ka rubuta doka a sarari cewa ba a tallar damps ba a sayar da bauca, ka sanar cewa admin ba zai taɓa bin kowa ta bayan fage neman kuɗi ko lamba ba. Mai talla kuma ba a muhawara da shi. Ka goge, ka cire, ka kai rahoto. In an riga an cuci wani, ya kira bankinsa a take ba sai gobe ba, ya adana hotunan hirar da rasit ɗin tura kuɗin, ya kai ƙara wurin EFCC ko sashen 'yan sanda mai kula da laifukan intanet. Kada kunya ta sa ya yi shiru a zauren, domin mutumin yana nan yana lallaɓar na gaba.

Mataki na shida: rajista

CompTIA da Cisco da AWS da Microsoft duk ta hannun Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawa a madadinsu, ake zama jarrabawarsu. Ka fara daga shafin kamfanin, shi zai miƙa ka can. Ka buɗe asusun da kanka, da imel ɗinka na kanka, ba na wurin aiki ko na mai shagon intanet ba.

Sunanka ya zama daidai da yadda yake a katin shaidar da za ka nuna, harafi da harafi. Wannan ya shafe mu ƙwarai: Muhammad a fasfo, Mohammed a asusu, Muh'd a wani katin. Za a iya mayar da kai daga bakin ƙofa a kan wannan, kuɗin kuma ya tafi. Ka gyara tun da sauran makonni. Cibiyoyi sukan nemi shaida biyu, kuma kada ɗaya ta zama wadda wa'adinta ya ƙare.

Mai zama jarrabawar AWS da Turanci, in Turanci ba harshen uwarsa ba ne, yana da damar neman ƙarin minti 30, suna kiran sa ESL +30. Sai dai a nema kafin a zaɓi rana, ba bayan an zaɓa ba. Mutane da yawa ba su san da shi ba.

Sai zaɓi tsakanin cibiya da gida. Zama a gida, ta manhajar OnVUE, yana da sharuɗɗa masu tsauri: ɗaki a rufe, tebur babu komai, babu mai shigowa, babu magana, ba ka fita daga idon kyamara, kuma ƙa'idarsu ta hana jona kwamfuta da hotspot ɗin waya. Ka auna wannan da gidajenmu, inda yaro zai iya turo ƙofa a kowane lokaci, a ɗauke wuta ba sallama, sabis ya yi ƙasa ana tsakiyar tambaya. In akwai cibiya da za ka iya kaiwa, ko da sai ka yi tafiyar awa uku ka kwana, ni ita zan zaɓa. In dole sai gida, ka yi gwajin na'ura da suke bayarwa a kan kwamfutar da layin da za ka yi amfani da su, a daidai irin lokacin, ka cika batir, ka kuma gaya wa mutanen gida tun jiya.

Ranar jarrabawa da abin da ke biyo baya

Ka isa da rabin awa a hannu. Ka san dokar jarrabawarka game da komawa baya, domin sun bambanta. A CompTIA kana iya sa wa tambaya alama ka dawo mata, kuma tambayoyin aiki da hannu, masu cin lokaci, sukan zo a farko. Tambayoyi har 90 cikin minti 90 ba su bar wurin tsayawa ba, don haka da yawa sukan tsallake waɗannan su gama na zaɓi, sannan su dawo. A CCNA kuwa in ka wuce ka wuce, babu komawa. Kada ka bar tambaya ba amsa. Kuma in ka ci karo da wadda ba ka taɓa jin batunta ba, kada hankalinka ya tashi: a cikin tambayoyi 65 na AWS Cloud Practitioner, 15 ba a ba su maki, gwada su ake yi don gaba, ba a kuma nuna maka ko waɗanne ne.

In ba a dace ba, takardar sakamakon za ta nuna sassan da ka yi rauni, daga nan za ka ɗora. Cisco na sa a jira kwana biyar kafin a sake zama, AWS kwana 14, CompTIA ba ta sa jira tsakanin zama na farko da na biyu. A daidai wannan makon ne saƙonnin "za mu taimake ka" za su fi yi maka daɗin ji, musamman in ka faɗa a zaure cewa ka faɗi, don haka ka san wanda kake amsa wa.

In an dace, ka karɓi bajonka ta hanyar imel ɗin da kamfanin ya turo, ka sa linkinsa a takardar neman aikinka. Idan za ka saka hoton sakamako a Facebook, ka rufe lambar rajista da lambar tantancewa, don masu satifiket ɗin bogi irin waɗannan hotunan suke tattarawa su yi talla da su. Sannan ka rubuta ranar ƙarewar wa'adi a inda ba za ka manta ba: na CompTIA da Cisco da AWS shekara uku ne, na Microsoft masu alaƙa da matsayin aiki shekara ɗaya ne kuma ana sabunta su kyauta ta intanet, AZ-900 kuwa ba ta ƙarewa.